Amsa: yadda kumbo ke riskar tashar sararin samaniya

Ɗan'uwa, ka tambayi me ya sa kumbo ba ya taka wuta kawai ya cim ma ISS, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, kamar mai mota da ke son wuce tirela tsakanin Kwangila da Samaru. To, a can sama abin juye yake. Idan ka kunna inji ka ƙara gudu, kewayen da kake yi wa duniya ɗagawa yake yi sama, zagayen ya ƙara tsawo, sai ka ga tashar tana ta yi maka nisa. A 1965 matuƙin kumbon Amurka Gemini 4 ya gwada bin ragowar rokarsu kai tsaye, ya ƙona mai a banza.

Shi ya sa mai bi yake zama ƙasa da tashar, inda zagaye ya fi sauri, yana cin tazarar a hankali, yana hawa kaɗan-kaɗan. Tashar na kusan kilomita 400 sama, tana gudun kilomita 28,000 a awa, amma lokacin haɗuwa bambancin gudunta da na kumbon 'yan santimita ne a daƙiƙa. Wallahi wannan ne ke burge ni. Neil Armstrong da David Scott ne suka fara maƙala kumbo da wani, a Gemini 8, Maris 1966.

Wani lokaci bayan magariba nakan hango tashar daga Tudun Wada, kamar tauraro mai tafiya, ba ta ƙyaftawa.