Horar da malamai kan koyar da rubutu da kwamfuta: daga ina za a fara?

Malama ta tambaya: makarantarsu ta samu kwamfutoci, ta yaya za a horar da malaman Hausa da Turanci su koyar da insha'i da su?

Malama, a ganina kada a fara da na'urar. A fara da rubutun malamin kansa. Kowa ya rubuta sakin layi ɗaya a Google Docs, abokin aikinsa ya yi masa gyara ta hanyar sharhi a gefe, sannan a buɗe tarihin gyare-gyare a ga yadda rubutun ya canza. Wannan shi ne ainihin amfanin: ɗalibi ya ga cewa rubutu ana sake shi ne, ba a gama shi a zama ɗaya.

Malamin Hausa kuwa, dole a koya masa saka ƙ, ɗ da ɓ. Gboard na da allon Hausa a waya, a kwamfuta kuma Keyman na yi. In ba haka ba, "ƙasa" da "kasa" za su zama abu ɗaya a takardar yara.

Horon kwana ɗaya da takardar shaida, gaskiya ba ya kai ko'ina. Gara a riƙa haɗuwa duk mako, kuma a tanadi aikin da za a yi idan wuta ta ɗauke, domin LibreOffice na aiki ba intanet.