Masu ƙarshen layi ba sa samun ruwa

Tambaya: Malam, mu ƙungiya ce ta masu lambu a Ojo, muna noman alayyahu, latas da lalo. Injinmu ɗaya, rijiya ɗaya. Na kusa da rijiya suna ƙoshi, na ƙarshe kuma shukarsu na yaushi, har an fara sa-in-sa. Mene ne mafita?
Daga wani manomi, Ojo, Legas

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. Ƙasar Ojo rairayi ce. In ka saki ruwa a lambatu na ƙasa, yashi zai shanye shi kafin ya kai ƙarshe. Wannan dabarar ta dace da fadamar Kura ko Kadawa, inda ƙasa ke riƙe ruwa, amma ba nan ba.

Ku haɗa kuɗi ku sayi bututun roba mai kauri, inci 2, ku binne shi har ƙarshen gonar, kowane layi da makunninsa. Kada ku yi rowa ku sayi siriri, shi ke kashe ƙarfin ruwa a hanya. Sannan a fara ba na ƙarshe, a dawo baya, da sassafe ko da yamma. Fangali mai murabba'in mita 10 yana shan kusan lita 40 zuwa 50 a rana tsakanin Disamba da Maris, sai ku auna rabo da haka, a rubuta a takarda kowa ya gani.

Wani abu kuma: ku riƙa ɗanɗana ruwan rijiyar. Kuna kusa da teku, in injin ya cika zuƙa, gishiri na iya shigowa. Da kun ji ya soma zartsi, ku rage awannin ja.