Likita ya hana ni sakamakon gwajin maiɗakina

Ɗan'uwa, kana tambaya ko likita na da hurumin hana ka sakamakon gwajin maiɗakinka alhali kai ka biya kuɗin. E, yana da shi. Sirrin majinyaci nasa ne, ba na mai biya ba, kuma haka yake rubuce a dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012.

Sai dai in ita ta amince. Da na raka yayata asibiti a nan Kumasi, sai da nas ta tambaye ta, "Hajiya, ƙanenki ya zauna ko ya fita?" Ta ce in zauna, sannan likita ya buɗe kati. Ka lallaɓa maiɗakinka ku koma tare. Amma kada ka zagaya wajen wani ɗan Zango mai aiki a can ya leƙo maka, rasa aikinsa za ka ja masa.