Mai kiwon shanu a Epe yana son aurena, dangin marigayi sun ce za su karɓe yara

Tambaya

Assalamu alaikum, Hajiya. Shekarata 34, ina zaune a Agege tare da mahaifiyata, kuma ina sayar da tuwo da shinkafa a rumfata kusa da mahautar Oko-Oba. Mijina ya rasu shekara 4 da suka wuce, ya bar mini yara biyu, mace mai shekara 11 da namiji mai shekara 7. Akwai wani bawan Allah da ke da gonar kiwo a wajen Epe, yana turka bijimai yana kawowa mahauta kamar sau biyu a wata, kuma duk zuwan da zai yi a rumfata yake cin abinci. Ya fi shekara yana zuwa, ban taɓa jin ya faɗi abin da ya wuce gaisuwa da "a ƙaro miya" ba. Wata rana ya ga ƙafar bencina tana rawa, bai ce uffan ba, amma da ya dawo sai ga shi da guduma da ƙusoshi, ya gyara, ya biya kuɗin tuwonsa ya tafi. Daga baya ya fara ajiye mini man shanu a 'yar roba a gefen tukunya. Watan jiya ya turo wani dattijon dillali ya shaida wa yayana cewa aurena yake so.

Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, raina ya kwanta da shi. Sai dai gwauro ne, matarsa ta rasu wajen haihuwa shekara 9 da suka wuce, daga shi sai yaran aiki biyu a gonar. Ƙawayena suna cewa wanda ya saba da shanu kawai ba zai iya da hayaniyar yara ba. Ƙannen marigayi kuwa sun aiko daga Funtuwa cewa ranar da na tare, ranar za su zo su ɗauki 'ya'yansu, don ba za a mai da jininsu agola a daji ba. Yaya zan yi?

Daga uwar yara biyu, Agege

Amsa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya raya abin da ya bari. Babu abin kunya a kwanciyar da ranki ya yi, domin takabarki ta wata 4 da kwana 10 ta daɗe da cika, kuma hadisi ya tabbata cewa bazawara ta fi waliyyinta iko da kanta wajen zaɓen miji. Shi ma mutumin ta ƙofa ya biyo, tun da ya turo dattijo wajen yayanki.

Maganar ƙawayenki ba ta tayar mini da hankali ba, saboda na san abin da kiwo a kudu yake yi wa mutum. Shanun da ake kawowa daga arewa, irin su Bunaji da Bokoloji, ba su jure cizon ƙudan tsando da cutar sammore kamar gajerun shanun nan Muturu na kurmi, don haka mai turka a wajen Epe kullum idonsa yana kan dabbar da ta rage cin abinci ko ta fara rama. Ga kuma dokar hana kiwon sake da Gwamnan Legas Babajide Sanwo-Olu ya sa wa hannu a watan Satumba na 2021, wadda ta sa dole a tsare dabba a cikin shinge a kai mata komai har inda take: ciyawa, dusa, ɓawon rogo, kanwa da ruwa. Saniya ba ta san ranar Sallah ba, ba ta san mai ita yana zazzaɓi ba. Wanda ya shekara 9 a wannan hali shi kaɗai, ai ba abin mamaki ba ne idan bakinsa ya yi nauyi. Abin da ya kamata ki ɗauka daga nan shi ne wannan mutum ba zai iya barin gonarsa ya dawo Agege ba, ke ce za ki tafi, kuma a kan haka za ki gina lissafinki tun yanzu.

Amma shiru kala-kala ne. Akwai na kawaici, akwai na ƙuncin rai, kuma daga nesa duka kamanninsu ɗaya. Gyaran bencin ya nuna mini mutum ne mai lura, wanda hannunsa ke faɗin abin da harshensa ya kasa, amma bai nuna mini yadda yake idan ransa ya ɓaci ba. Wannan bincike aikin yayanki ne, kuma kada ya tsaya ga dillalin da aka turo, domin ɗan aike ba ya kushe wanda ya aiko shi. Ya zaga cikin mahauta da 'yan la'ada na Oko-Oba, ya leƙa kasuwar Kara da ke kan hanyar Ibadan, ya ji yadda mutumin yake da bashi da alkawari. Ya gano tsawon lokacin da yaran aikin nan suka yi da shi, saboda ubangida mai mugun hali ba ya riƙe yaro shekara biyu. Idan kuma har yanzu yana gaisa da dangin matarsa da ta rasu, to wannan shaida ce mai nauyi. A Legas abu ne mai sauƙi a ɗaura wa mace aure da wanda ba a san ƙofar gidan ubansa ba, don haka ku tsaya a kan cewa wakilinsa daga garinsu zai zo, ko kuma naku su je can.

Batun ƙannen marigayi shi ne ya fi buƙatar a warware shi daki-daki, saboda sun riƙe rabin gaskiya sun saki rabi. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya, wadda muke bi, haƙƙin reno yana faɗuwa daga uwa idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, kuma asalin wannan shi ne hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda Annabi (SAW) ya ce wa wata mata ita ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba. Sai dai idan haƙƙin ya faɗi daga gare ki, ba wajen baffanni yake tafiya ba. Kaka ta wajen uwa ce take biye, bayanta 'yar'uwar uwa, sannan a gangara zuwa kaka ta wajen uba da sauran mata na dangi, baffa kuwa yana can baya a jerin. Mahaifiyarki tana raye, tana da hankalinta, kuma yaran a hannunta suka tashi, saboda haka ita ce mai haƙƙi, da sharaɗin da malamai suka kafa cewa kada ta zauna gida ɗaya da ke bayan auren. Renon namiji yana ƙarewa ne da balaga, na mace kuwa sai ta tare a gidan mijinta. Malamai sun kuma ce idan mai haƙƙi ya san uwa ta yi aure ya yi shiru har shekara ta zagayo ba tare da uzuri ba, yaran sun zauna a hannunta ke nan.

Duk da haka ban ba ki shawarar ki mayar musu da martani da zafi ba. Baffanni ne, suna da haƙƙin zumunci da sa ido a kan tarbiyya, kuma idan auren 'yar ya zo daga cikinsu waliyyi zai fito idan ƙaninta bai kai ba. Ba ki gaya mini ko a shekara 4 ɗin nan sun taɓa aiko da kuɗin makaranta ko buhun masara ba, ni ma ba zan yi musu zato ba, amma tambaya ce da za ta taso da kanta a wurin zama. Jihar Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati kamar jihohin arewa, don haka irin wannan magana a gaban limamin unguwa ko a fadar Sarkin Hausawan Agege aka saba kashe ta. A kira su, a karanta musu hukuncin, a yarda cewa yaran za su riƙa zuwa Funtuwa a dogon hutu, a kuma ƙididdige abin da ubansu ya bar musu a rubuta a gaban shaidu, don kada gobe a ce dukiyar marayu ta shiga garken wani. Idan abin ya ƙi ci ya kai ga kotun iyali, dokar kare haƙƙin yara ta jihar, ta shekarar 2007, maslahar yaron take sa wa a gaba.

Shi kuma manemin naki, sai an yi masa tambayar da ba a amsa ta da man shanu. Shari'a ba ta ɗora wa miji ciyar da agola ba, kuma agola ba ya gadonsa, sai dai kyauta da rai ko wasiyyar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Mu kan ce wanda ya so uwa ya so ɗanta, amma na ga gidajen da aka yi wannan karin maganar ranar ɗaurin aure, kafin shekara yaro ya koma cin abinci a bayan ɗaki. Lokacin da Annabi (SAW) ya nemi auren Ummu Salama, ita da bakinta ta kawo maganar 'ya'yanta tun kafin a ɗaura, kuma ɗanta Umar a gidan ya tashi, shi ne yaron da aka koya wa ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ke ma ki kawo taki a gaban yayanki: wa zai biya kuɗin makaranta, ina yaran za su kwana idan sun zo, kuma zai bar ki ki ci gaba da sana'a? Ni dai ban so ki sayar da rumfar nan ba. Ki sa wata ta riƙe miki, ko ba komai kuɗin littafi da sabulu zai fito daga ciki.

Kada a sa rana kafin ki ga gonar da idonki. Ku tashi da asuba wata Asabar, ke da yayanki da yaran, ku bi ta Ikorodu da Itoikin, ki ji a jikinki abin da hanyar take ci idan ta cunkushe, domin ita za ki riƙa bi duk lokacin da kewar yara ta taso miki. Idan kun isa, ki bar ɗan naki ya bi shi zuwa turke, ki tsaya daga nesa ki ga ko zai nuna masa yadda ake miƙa wa ɗan maraƙi dusa, ko kuwa zai manta yana tare da yaro. Ki duba ko akwai katanga tsakanin cikin gida da ɗakin yaran aiki, saboda 'yarki ta doshi zama budurwa, kuma ko da shi zai zama muharraminta bayan kin tare, su ba za su zama ba. Ki tambayi inda makaranta da islamiyya suke, amma a ganina zangon farko yaran su zauna wajen kakarsu a Agege su riƙa zuwa ƙarshen mako. Ku yi gwajin jini, har da na sikila, kafin a karɓi sadaki. Sannan tun da a wajen haihuwa ya rasa matarsa, ki tambaye shi a hankali wane asibiti ya fi kusa da gonar, da wace mota ake kai mutum idan dare ya raba.