Amsa ga 'yar'uwa daga Ringim kan hoton haƙori da juna biyu

Salamu alaikum Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce kina fama da kumburi, likita a Dutse ya nemi a yi miki hoton haƙori, ga ki da cikin wata biyar, uwar mijinki kuma ta ce hasken na'urar zai taɓa ɗan.

Tsoron nata ba wauta ba ne, hasken eksire idan ya yi yawa yana cutarwa. Amma na ƙaramin hoton haƙori ɗan mitsitsi ne, kusan 0.005 na milisibat, wato ma'aunin yawan hasken da jiki ya ɗauka. Kowannenmu yana samun kusan 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, ko bai taɓa shiga asibiti ba. Kin ga ke nan hoto ɗaya bai kai abin da jiki ke ɗauka a yini guda ba. Kuma bakinki ake saitawa, ba cikinki ba.

Abin da ya fi damuna shi ne kumburin da kika ambata. Ido ba ya ganin saiwar haƙori, hoton ne zai nuna ko ruɓa ta kai can, ko mugunya ta taru a ƙashin muƙamuƙi. Barin wannan ya fi hoton haɗari ga mai ciki.

Ki sanar da su kina da juna biyu tun kafin a fara. Kada ki tsorata in ma'aikacin ya koma bayan bango, shi kullum yake wannan aikin, yana gudun hasken ya taru masa ne. In kina da tsohon hoto, ki tafi da shi.