Motata tana nawa idan na taka totur: turbo ce ta mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai shan dizal, ina zirga-zirga da ita tsakanin Hotoro da kasuwar Dawanau. Kwanan nan idan na taka totur sai ta yi jim kafin ta zabura, musamman wajen hawa gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. Tana fitar da baƙin hayaƙi, kuma ina jin huci daga gaba. Makanikina ya ce turbo ce, in sayo wata a Ƙofar Ruwa. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna, kada ka fitar da kuɗin nan. Alamomin da ka lissafa ba su yi kama da mutuwar turbo ba.

Turbo farfela biyu ce a kan ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin inji. Gudunta yakan haura juyi 100,000 a minti ɗaya. To idan inji yana ƙasa-ƙasa, hayaƙin ba shi da ƙarfin da zai kaɗa ta da sauri, dole a ɗan jira. Wannan ɗan jinkirin halin kowace mota mai turbo ne. Idan kana giya ta huɗu, allurar inji na wajen 1,200, ka danne totur, za ta yi nawa ko jiya aka fito da ita daga kamfani. Maganin wannan sauko da giya ne kawai.

Amma kai ka ce "kwanan nan", wato da ba haka take ba. Ga baƙin hayaƙi, ga huci. Waɗannan ukun idan suka haɗu, abin da na fi zargi shi ne iska tana tserewa a hanya. Daga turbo iska takan bi ta tiyo zuwa intakula, wato na'urar da ke sanyaya ta, sannan ta shiga inji. Idan tiyon ya tsage ko kilif ya saki, turbo na ta aikinta amma iskar na zubewa waje, kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Inji ya samu dizal bai samu isasshiyar iska ba, sai man ya ƙi ƙonewa duka. Baƙin hayaƙin ke nan, hucin kuma kukan iskar ne.

Ka buɗe bonet da safe kafin inji ya yi zafi. Ka bi tiyon nan da hannunka, ka matsa shi, ka leƙa ƙarƙashinsa, domin tsagar ta fi son ɓuya a wajen lanƙwasa ko dab da kilif. Duk inda ka ga danshin baƙin mai ƙura ta manne masa ta yi dambu, nan ne iska ke fita, don takan fito da ɗan tururin mai. Wata tsagar ba ta buɗewa sai iska ta cika tiyon, shi ya sa gareji mai kayan aiki yake toshe bakin bututun ya hura iska ko hayaƙi a ga inda zai ɓullo.

Sai matatar iska. Mu a Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke shiga Dawanau a lokacin hunturu, matatarta na iya toshewa tun kafin lokacin sabis ya yi. Cire ta ka ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsawa, canja ta. Ina roƙon ka, kada ka yarda a jefar da ita a ce mota ta sha iska. Ƙurar da za ta shiga ita ce za ta cinye bakin farfelar, a nan ne za ka sayi turbo da gaske. A kuma wanke na'urar auna iska da ke bayan matatar da maganin feshi na musamman, ba da fetur ba.

Idan duk wannan lafiya lau, a jona mata kwamfuta. Lambar P0299 tana nufin iskar da turbo ke turawa ba ta kai yadda ake so ba, amma ba ta ce turbo ta lalace ba, kuma nan ne da yawa suke yin asara. Idan taka mai lita 3.0 ce, mai yiwuwa turbonta tana da ƙananan fukafukai masu motsi a ciki, kuma yawan tafiyar hawainiya a cunkoso yana sa kabon, wato baƙin dattin hayaƙi, ya riƙe su. Sau da yawa wankewa ake yi su saki. A duba ko salansa na yoyo kafin hayaƙi ya isa turbo, ko kuma ta toshe daga baya.

Turbon da ta mutu alamarta daban: hayaƙi shuɗi, shan baƙin mai, da kuka kamar jiniya. Makaniki ya cire tiyon gabanta, inji a kashe, ya kama ƙarfen tsakiya da yatsa. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi. Idan yana shiga da fita, ko farfelar na gogar jikin gidanta, to ta tafi. Kafin a ɗaura wata, lallai a wanke ko a canja bututun da ke kai mata baƙin mai, a zuba sabon mai da sabuwar matata, domin ƙarancin mai ne ke kashe yawancinsu. Kuma idan ka dawo daga doguwar tafiya irin ta Kaduna, ka bar ta a sulo kamar minti ɗaya kafin ka kashe.