Ku Tambaya, Mu Amsa: Mujallun Ɗakin Jira

Tambaya: Ina da ƙaramin asibiti mai kujerun jira 12. Duk wata nakan sayi mujallu da jaridu in ajiye wa masu jiran layi, amma kafin mako biyu sababbin sun yi ƙafa, sai tsofaffi masu yagaggen bango. Na fara zargin ma'aikatana. Ina mafita?
Daga wani likita, Kaduna

Amsa: Likita, a yi wa ma'aikata uzuri tukuna. Wasu likitoci a birnin Auckland na ƙasar New Zealand sun gwada wannan abu, mujallar likitoci ta BMJ ta buga sakamakon a 2014. Sun zuba mujallu 87 a ɗakin jira, bayan kwana 31 suka ƙirga, 41 sun ɓace. Sababbi sun fi saurin tafiya. Cikin mujallun gulmar taurari 27, guda ɗaya tal ta rage, su kuwa mujallun labarai na Time da Economist ko ɗaya ba a ɗauka ba. Wato dai mai jira ne yake tsakiyar labari mai daɗi a kira sunansa, sai ya naɗe mujallar ya sa a aljihu.

Saboda haka ka lissafa ta cikin kayan da ke ƙarewa, kamar sabulun bayan gida, ka daina sa ran za ta shekara. Kada ka zube duk abin da ka saya rana ɗaya. Ga kujera 12, mujallu huɗu ko biyar sun isa a waje; sauran a kulle a durowa, duk Litinin a fito da biyu a janye biyu. Kowace a buga mata hatimin asibiti a bango da shafin tsakiya, domin mutum na jin nauyin fita da abu mai hatimi. Idan ta biyan kuɗin shekara ce mai ɗauke da suna da adireshi, a yanke wurin kafin a ajiye.

Yagewa daga gadon baya take farawa, inda ƙarafunan sitefula biyu suke riƙe da takardun. Da damina ƙarfen yana tsatsa ya ci takardar, shafin tsakiya ne ke fara zarewa. Tun tana sabuwa a manna salatif mai faɗi a gadon bayan daga sama har ƙasa, a sa mata rigar leda mai kauri. A kafa mata ɗan kanta a bango daidai ƙirji. Tebur na tara zoben kofin shayi, ƙasa kuma ta gara ce da masu shara. Akwai wani dalilin: jaridunmu da yawa suna da shafin addini mai ayoyi, bai dace a bar su inda za a taka ba.

Wajen zaɓi, a nemi masu gajerun labarai da hotuna da yawa, don ba kowane mai jira ne ya yi boko ba. Mujallun likitoci masu hoton gyambo da tiyata su zauna a ofishinka. Tsohuwar da ke ɗauke da shawarar magani ta shekarun baya ma a janye ta, don wani zai karanta ya ɗauka hukuncin yau ne.

Tambaya: Idan na kai yarana asibiti sukan yi ta wasa da mujallun da ke kan benci. Wata ƙawata ta ce ta nan ake kwasar tarin fuka. Gaskiya ne?
Daga wata uwa, Maraɗi

Amsa: Hajiya, tarin fuka ta iska ake ɗaukarsa, idan mai ciwon ya yi tari a ɗakin da iska ba ta wucewa. Ba a kamuwa da shi ta taɓa takarda, don haka zama kusa da taga a buɗe ya fi guje wa mujalla amfani. Abin da hannu ke iya kwasowa shi ne ƙwayoyin mura da na gudawa. Takarda tana shanye danshi, shi ya sa ƙwayoyi da yawa ba sa daɗewa a kanta kamar yadda suke yi a kan roba ko ƙarfe. Wani gwaji na 2020 ya nuna ƙwayar korona na kai wa awa 24 a kan kwali, amma har awa 72 a kan roba da ƙarfe. Duk da haka asibitoci da yawa sun kwashe mujallunsu a lokacin annobar.

Inda matsalar take shi ne tsakanin yatsa da baki. Ki lura da yadda manya ke lasar yatsa su buɗe shafi, a kusurwar nan ta dama da ta yi baƙi don taɓawa. Wannan a bari. Yaron da bai wuce shekara biyu ba kuwa komai baki yake kaiwa, sai ki zo masa da abin wasansa daga gida. Kafin a ci wani abu a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20.

Tambaya: A asibitin ido an ɗiga mini magani aka ce in jira, na ɗauki jarida sai rubutun ya dushe. Idon ya lalace ne?
Daga wani dattijo, Kumasi

Amsa: A'a, Baba. Maganin buɗe ƙwayar ido ne don likita ya ga cikinsa, kuma yana hana ganin na kusa na awa huɗu zuwa shida, wani lokaci fiye. Ajiye jaridar, kada kuma ka tuƙa mota ko babur sai ya sake ka. Amma idan ciwo mai tsanani ko ja ko tashin zuciya ya biyo baya, ka koma wurin likitan nan take.